Kafin a kai Dawanau, wa ke tarbar mai taɓin hankali?

A ƙauyukan Bichi, Ɗambatta da Makoɗa, idan hankalin matashi ya gushe cikin dare, 'yan'uwa ne ke fara riƙe shi, sannan a nemi malami ko mai maganin gargajiya. Sau da yawa ba a nufar asibitin Dawanau sai lamari ya ta'azzara, wani lokaci bayan an sa masa mari.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyaci. Sai dai likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne a duk Najeriya, mafi yawansu a birane.

Giɓin yana buƙatar waɗanda suka sha ciwon suka farfaɗo. Su suka san alamunsa, kuma majinyaci ya fi sakin jiki da su. A Zimbabuwe, shirin Friendship Bench ya nuna cewa ko tsofaffin mata da aka horar suna rage wa jama'a damuwa.

Amma sa-kai kaɗai ba ya ɗorewa. Sai gwamnatin Kano ta horar da su, ta biya su, ta haɗa su da asibitocin sha-ka-tafi.