Kyanwar da sanyi ya sandarar: Kai ta bakin wuta ba taimako ba ne

Duk wanda ya tsinci kyanwa a sandare bayan ta kwana cikin tsananin sanyi, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ya kai ta bakin wuta ko ya tsoma ta cikin ruwan zafi. Niyyar mai kyau ce, amma wannan gaggawar tana iya ƙarasa abin da sanyin ya faro.

Matsalar ta fi ƙamari a ƙasashe irin su Kanada da Rasha, inda 'yan uwanmu ke karatu da aiki. A birnin Winnipeg na Kanada, sanyin daren Janairu kan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Sai dai ko a Jos lokacin hunturu, 'yar kyanwar da ba ta kai mako huɗu ba tana iya mutuwa idan uwarta ta bar ta, domin jikinta bai iya riƙe ɗumi da kansa ba tukuna.

Zafin jikin lafiyayyiyar kyanwa yana tsakanin digiri 38 zuwa 39 a ma'aunin Salsiyos. Idan sanyi ya yi yawa, jikin yana janye jini daga kunnuwa da wutsiya da ƙafafu domin ya ɗumama zuciya da kayan ciki. Da zarar an gasa fatar da wuta, jijiyoyin jininta suna buɗewa lokaci guda, ƙarfin jini ya faɗi, jinin da ya yi sanyi kuma ya koma zuciya. Ga shi fatar da ta sandare ba ta jin zafi, sai ta ƙone kyanwar ba ta ko motsa ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Abin da ya dace shi ne a shigar da ita ɗaki, a tsane jikinta a hankali idan ta jiƙe, a naɗe ta cikin tawul mai ɗumi. A zuba ruwan ɗumi a roba, a naɗe robar da zane, a jingina ta da ƙirjin kyanwar. Kunnuwa ko ƙafafun da suka yi fari ko toka-toka kuma suka yi tauri, a ɗumama su da ruwan da gwiwar hannu za ta iya jurewa. Kada a murza su, murzawa na ƙara lalata naman.

Kada a ɗura mata komai tana cikin magagi, za ta iya shaƙewa. Idan ta farfaɗo, a ba ta ruwa da abinci kaɗan-kaɗan. Madarar shanu kan sa yawancin kyanwoyi zawo. Farasitamol kuwa guba ne a gare su, hantarsu ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kisa.

Wasu za su ce wa zai kashe kuɗinsa wajen likita saboda kyanwa? Amma ɓarnar da sanyi ya yi wa fata ba ta bayyana a ranar farko. Sai bayan kwanaki za a ga bakin kunne ya yi baƙi yana ruɓewa. Idan kuma kyanwar ta daina rawar ɗari alhali jikinta na da sanyi, numfashinta ya ragu, lamarin ya wuce na gida, a garzaya da ita asibitin dabbobi.

Rigakafin ba shi da tsada. A ajiye kwali da tsumma busasshe a inda iska ba ta kaɗawa. Masu mota kuma su riƙa bubbuga bonet kafin su tayar da inji da safe, domin kyanwoyi kan lallaɓa ciki neman ɗumi. Dabbar da ta yi shekaru tana tsare mana hatsi daga ɓeraye ta cancanci wannan ɗan kulawar.