Kada Ka Yar da Shukar da Ta Yi Yaushi

Ƙaura daga wani gida zuwa wani aiki ne mai gajiyarwa. Ba mutane kaɗai ke jin jiki ba, har da shuke-shuken ado na cikin ɗaki. Wadda aka fi gani a gidajenmu ita ce shuka mai yaɗo, mai ganye kamar siffar zuciya, kore da ratsin rawaya. Masana kimiyya suna kiran ta Epipremnum aureum, kuma asalinta daga tsibirin Mo'orea ne a tekun Fasifik. Sau da yawa, kwanaki kaɗan bayan ƙaura, ganyenta yakan yi yaushi, wasu su zube. Nan da nan sai mai ita ya jefa ta a bola. A ra'ayina, wannan kuskure ne.

Da farko, mu fahimci dalilin yaushin. Shuka takan saba da haske da iska da zafin wurin da ta girma. A kan hanya ana girgiza ta, rassa su karye, ta sha zafin mota. A sabon gida kuma hasken taga ya bambanta. Wanda ya tashi daga Fatakwal mai laima ya koma Abuja a lokacin hunturu ya kawo shukarsa cikin busasshiyar iska mai ƙura. Zubar ganye alama ce ta ƙoƙarin sabo da sabon wuri, ba alamar mutuwa ba ce.

Abin da ya fi kashe irin wannan shuka shi ne tausayin da ya wuce kima. Mutum ya ga yaushi, sai ya riƙa zuba ruwa safe da yamma. Alhali saiwa tana bukatar iska. Idan ƙasa ta jiƙe kullum, saiwar sai ta ruɓe. Saboda haka, ka sa yatsa cikin ƙasar kamar santimita 3. In ka ji danshi, ka dakata. In ta bushe, ka ba ta ruwa har ya fito ta hudar gindin tukunya. Kada ka sa taki sai ka ga sabon toho. Ka ajiye ta kusa da taga, inda haske ke shiga amma rana ba ta dukan ta kai tsaye. Ka yanke ganyen da ya mutu, ka goge ƙurar sauran da jiƙaƙƙen tsumma. Ka kuma rataye ta nesa da yara da kyanwa, domin ganyenta yana ƙona baki idan aka tauna.

Wani zai ce, "Ai shuka ce kawai, a sayi wata." Amma sabuwar ma za ta sha wahalar sabo da ɗakin, ga kuma asarar kuɗi. Ko da tsohuwar ta lalace ƙwarai, akwai mafita. Ka yanko reshe mai lafiya ƙasa da gaɓa kaɗan, ka tsoma gaɓar a kwalbar ruwa mai tsabta, kana canja ruwan duk mako. Cikin mako 2 zuwa 4 sabuwar saiwa takan fito, sai ka dasa.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Ɗalibin da aka canja wa makaranta yakan ɗauki makonni kafin ya saki jiki, kuma ba wanda ke korar sa saboda haka. Ita ma shukar a ba ta wata guda ko biyu kafin a yanke mata hukunci.