Takunkumin Korona Ya Koma Bola, Wa Zai Kwashe?

Ya Edita,

Mai wannan wasiƙa yana roƙon ɗan fili a jaridarku domin ya ja hankalin hukumomi da jama'a kan wata ɓarna da annobar korona ta bari, wadda ba a cika tayar da maganarta ba: tulin takunkumi da safar hannu da rigunan kariya da aka sa sau ɗaya aka yar.

Tun da aka tabbatar da ɓullar cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, takunkumi ya shiga sahun kayan fita. A watan Janairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta sa shi a wuraren taruwar jama'a. Bankuna da makarantu suka hana shiga sai da shi, yara suka riƙa tallarsa a bakin ƙofa. Mutum zai saya, ya shiga ya gama uzurinsa, ya fito ya tuɓe ya wurga a kwata. Rediyo ya sha koya wa mutane yadda ake sa shi, amma inda za a kai shi bayan an tuɓe, wannan an bar wa kowa dabararsa.

Yawan abin ya wuce wasa. A watan Maris na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aikin yaƙi da cutar na buƙatar takunkumin asibiti miliyan 89 da safar hannu miliyan 76 kowane wata. Da sauran jama'a suka shigo, wani bincike na 2020 ya ƙiyasta cewa duniya na cin takunkumi biliyan 129 a wata guda. A birnin Wuhan na ƙasar Sin, sharar asibitoci ta tashi daga kimanin tan 40 a rana zuwa tan 240. A Fabrairun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kayan kariyar da aka saya ta hannun shirin Majalisar Ɗinkin Duniya kaɗai sun kai tan 87,000, kuma mafi yawansu shara suka zama. Ta ƙara da cewa a ƙasashe mafiya talauci, shida cikin cibiyoyin lafiya goma ba su da kayan sarrafa ko sharar da suka saba tarawa, balle wadda annoba ta ƙaro.

Mutane da yawa suna ɗaukar shuɗin takunkumin nan takarda ne ko auduga. Roba ce zalla, irin wadda ake kira polifirofilin, aka mayar da ita siraran zare aka manne. Ba ta ruɓewa ta koma ƙasa. Rana ta gasa ta, iska ta yayyaga ta, ta rududduge ta zama ɓurɓushin da ido ba ya gani.

Wanda cutarwar ke fara samu shi ne mai taɓa shara. Masu bincike a Jami'ar Hong Kong sun gano a 2020 cewa ƙwayar korona na iya kaiwa kwana bakwai da ranta a bayan takunkumin asibiti. To, a dubi wanda ke tonon bola a garuruwan Arewa: yaro ɗan bola jari da buhu a kafaɗa, hannu tsirara, ƙafa da silifas, yana ture takunkumi da audugar ciwo don ya kai ga gwangwani. Ƙannensa kuma in sun tsinci safar hannu a bayan wani ƙaramin asibiti, baki suke sawa su hura ta ta kumbura, su ɗaure su yi ƙwallo. Ba su san hannun da ya sa ta ba, ba su san jikin da ta taɓa ba.

Sai hayaƙi. Inda motar shara ba ta zuwa, ashana ce maganin bola. Da la'asar sakaliya a cinna wuta, baƙin hayaƙi mai ɗaci ya kwanta a kan gidaje har bayan isha'i, masu asma da jarirai su kwana suna tari. Safar hannun da aka yi da robar PVC, idan aka ƙona ta a fili, tana fitar da gubar dayoksin, wadda aka tabbatar tana haddasa ciwon daji, tana kuma taruwa a kitsen dabbobi da nononsu. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a ƙona sharar asibiti a na'urar da zafinta ya kai digiri 850 zuwa sama. Ramin bayan katanga ba ya kaiwa ko kusa.

Wanda ya tsira daga wuta kuma ruwa ke ɗauka. Da damina takunkumi da leda ke haɗuwa su toshe magudana, ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin haihuwa. Awaki da shanu na haɗiye su a juji, kuma duk mahaucin da ke feɗe dabbar cikin gari ya san dunƙulen ledar da ake cirowa daga tumbi. A 2021 masana a Jami'ar Swansea ta Birtaniya suka jiƙa irin wannan takunkumi a ruwa, suka tarar yana sakin ɓurɓushin roba da ƙarafa masu guba, har da dalma. A 2022 aka samu ɓurɓushin roba a jinin mutum 17 cikin 22 da aka gwada a ƙasar Holan. A shekarar ce kuma aka same shi a huhun marasa lafiya a garin Hull na Ingila, kuma polifirofilin ce ta fi yawa a ciki. Takunkumi ba shi kaɗai ne tushen wannan ɓurɓushi ba, amma ya ƙara kaya a kan wanda ake fama da shi.

Kada wani ya ɗauka ana kushe takunkumi ne. Ya ceci rayuka, kuma ma'aikacin lafiya ba shi da abin da zai maye gurbinsa. Gyaran yana wajen tsari. An ɗage dokar ta-ɓacin korona a duniya ranar 5 ga Mayu, 2023, amma a shekarar mashaƙo ya addabi Kano, zazzaɓin Lassa kuma yana dawowa kowane rani, kuma kowannensu da irin wannan shara yake zuwa.

Don haka ana kira ga ma'aikatun lafiya na jihohi, duk lokacin da za a ware kuɗin sayen kayan kariya, a haɗa da kuɗin kwashe su da ƙona su yadda ya dace. Hukumar kare muhalli ta NESREA da hukumomin shara irin su REMASAB ta Kano su riƙa leƙa bayan ƙananan asibitoci da ɗakunan gwaji su ga inda shararsu ke ƙarewa. A bai wa masu kwashe shara safar hannu mai kauri da takalmin roba. Jama'ar gari kuma, idan buƙata ta sake tasowa, takunkumin atamfa da teloli suka ɗinka a 2020 yana wankuwa a sake sawa, kuma tun a lokacin hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta ba da shawarar a bar na asibiti ga ma'aikatan lafiya. Wanda ya sa na yarwa, ya tsinke igiyarsa, ya ƙulle shi a leda, ya jefa a kwandon shara mai murfi inda yara da dabbobi ba za su kai gare shi ba.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, daga Kano.