Kafin a sayar da bijimi a sayo kwamfutar gem

Masu jiran maganar albashi da farashin taki ku yi mini haƙuri, yau wani abu ne daban ya tsaya mini a rai.

Asabar ɗin da ta wuce na tashi daga Bodinga na je Shagari gaisuwa. Na tarar da ɗan yayata cikin shagon da ya kama a bakin titi, ya yi tagumi gaban wata kwamfuta mai fitilu ja da shuɗi kamar motar amarya. Yaron ya gama difloma, aiki bai samu ba, sai uwarsa ta sayar da bijimin da ta shekara biyu tana kiwo ta ba shi jari ya buɗe gidan gem. Na tambaye shi lafiya? Ya ce, "Kawu, wanga abu ya ɗaure mini kai. Core i7 na sawo sabo fil, amma da an sa ƙwallo sai 'yan wasa su dinga ɗingishi. Yara duk sun koma wajen mai PS4."

Muka kwance murfin. Furosesa kam mai kyau ce, i7 ta zubi na 12. Amma katin hoton da aka haɗa masa GT 1030 ne, ɗan ƙaramin kati na 2017 da aka yi don aikin ofis da kallon bidiyo. Mai shagon da ya sayar masa a birni bai yi masa ƙarya ba, ya dai bar shi da abin da ya zo yana tambaya. Yaro ya shiga yana "Core i7, Core i7", aka ba shi Core i7, aka cike sauran da fitilu.

Duk wanda ya taɓa huɗa da shanu ya san abin da ya faru. Ka ɗaura ƙaton sa da ɗan maraƙi a karkiya ɗaya, garma ba za ta wuce saurin maraƙin ba, ga kuɗin dusa kana ta kashewa a kan babban. Furosesa ita ke lissafin wasan: ina ƙwallo ta nufa, wa ya yi keta, me mai tsaron gida zai yi. Katin hoto shi ke zana duk abin da ido ke gani, ciyawa da riguna da 'yan kallo, sau sittin a kowace daƙiƙa. A yawancin wasanni aikin zanen ne ya fi nauyi, shi ya sa nake ganin katin ya cancanci kaso mafi tsoka.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne. Kamfanin EA, da ya fitar da FC 24 a 2023 bayan ya rabu da sunan FIFA, ya ba da shawarar a haɗa Core i7-6700 da katin GTX 1660. Ku duba shekarun: furosesar ta 2015 ce, katin kuwa na 2019. Wato masu wasan da kansu sun yarda tsohuwar furosesa za ta ɗauka, amma ba su yarda da raggon kati ba.

A nan ne ma muke da wata cuta a Arewa, ta sayen suna. Mutum ya ji i7 sai ya ɗauka ya fi i5 da i3 ko ta halin ƙaƙa, ba ya tambayar zubi na nawa ne. Alhali Core i3-12100 ta 2022 ta fi Core i7-3770 ta 2012 gudu nesa ba kusa ba. Har a ofis na sha ganin takardar sayen kaya an rubuta "Core i7" kawai, an sa hannu, an kawo tsohon ƙarfe mai shekara goma. Wannan maganar wata rana ce.

In ni za a tambaya, kuɗin akwatin kwamfutar a ba katin hoto wajen kashi 40 cikin ɗari, furosesa wajen 20, sauran a raba wa allon uwa, ram mai giga 16, SSD da na'urar raba wuta ta ciki. Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F sun ishi duk mai buga ƙwallo da GTA a talabijin irin na shagunanmu. Wannan rabon ba aya ba ce. Wanda zai riƙa tace bidiyon biki ko haɗa fastocin 'yan siyasa, to furosesa mai ƙarfi tana biyan kanta, kuma ba na son a juya maganar a sayo babban kati a ɗora a kan furosesar zamanin Obasanjo, nan ma ɗingishin ne zai dawo.

Sai dai duk wannan rabon na masu bidiyon YouTube ne da ke zaune a Amurka da Ingila, inda wuta ba ta ƙiftawa kuma ɗaki na da sanyi. Mu a nan akwai mai cin gado na uku, kuma shi ya kamata a fara cire wa kasonsa: wuta. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kunna janareta daga hantsi zuwa dare ya zama hanyar cinye jari. Sola da inbata ne mafita, su kuma da wat ake auna su. RTX 3060 yana jan wat 170, RTX 4060 kuwa 115, ga shi ya fi shi sauri. Bambancin wat 55 kamar ba komai ba, amma a awa goma ya kai 550. Batirin inbata na ruwa mai 200Ah, in ba ka son kashe shi da wuri, abin da za ka ɗiba a cikinsa bai wuce 1,200 ba. Ka ga kusan rabin batir ya tafi a kan zaɓin kati kawai. Masu mafarkin RTX 4090 mai jan wat 450 kuwa, Allah ya ba su filin jera faranti.

Ga zafi kuma. A watan Afrilu Sakkwato na haura digiri 40, cikin shago mai rufin kwano abin ya fi haka. Kati ko furosesa in suka ɗau zafi da kansu suke rage gudu don kada su ƙone, sai ka ga kayan da ka biya da tsada suna aikin masu araha. Hunturu ya zo ya toshe fankokin da ƙura. Kuɗin da aka zuba a fitilu da murfin gilas, da fanka biyu aka ƙara da ɗan abin hura ƙura, da sun fi amfani.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: sabon kati ya fi ƙarfin talaka. Gaskiya ne. Kayan nan da dala ake shigo da su, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Dole a leƙa na hannu, ko a Farm Centre ta Kano ko a Computer Village ta Ikeja. Amma a sani, tun da Ethereum ta daina amfani da haƙa a Satumbar 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Ba duka ne matattu ba, wasu lafiyarsu ƙalau. Sharaɗin dai kada ka biya sai an sa shi a kwamfuta a gabanka, an kunna wasa mai nauyi na rabin awa, kana kallon zafinsa, kana sauraren fankarsa. Mai kayan da ya ce yana sauri, bar masa abinsa.

Shi dai ɗan yayata mun yanke shawara ba za a sayar da i7 ɗin ba, don asarar za ta yi yawa. Kafin kuɗin kati su taru, da safe zai riƙa koya wa masu shirin JAMB amsa tambaya a kwamfuta, tunda tun 2015 jarrabawar ta koma haka kuma yaranmu da dama ranar jarrabawa suke fara riƙe linzami. Ni kuma na yi alkawarin cika masa wani abu in an yi albashi. Yayata har yanzu ba a gaya mata ba, tana can tana tambayar ko shago ya fara kawowa.

Duk wanda ke da GTX 1660 Super ko RTX 3060 mai lafiya a Sakkwato ko Kano, kuma ya yarda a gwada kafin a biya, ya yi mini magana ta akwati.