Masu Ƙera Makamai Suna Haɗiye Juna

A wannan wata za mu bar zancen makaranta da na unguwa, mu leƙa kasuwar makamai ta ƙasar Amurka, domin akwai abin lura a cikinta.

A shekarar 1993, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, mataimakin sakataren tsaron Amurka, William Perry, ya gana da shugabannin manyan kamfanonin ƙera makamai a wata liyafar cin abincin dare. Ya faɗa musu cewa kuɗin tsaro zai ragu, gwamnati ba za ta iya riƙe su duka ba, saboda haka sai su haɗe. Ba su yi wata-wata ba. Northrop ya sayi Grumman a 1994, Lockheed da Martin Marietta suka zama ɗaya a 1995, Boeing kuma ya haɗiye McDonnell Douglas a 1997. Wani rahoto da Ma'aikatar Tsaron ta fitar a 2022 ya nuna cewa manyan kamfanonin sun ragu daga 51 zuwa 5.

To, mai karatu, kowa ya san kasuwar da mahauci ɗaya ne ke cikinta: yadda ya yanka haka za ka karɓa, da ƙashi da jijiya. Abin da ya sami gwamnatin Amurka ke nan a kan injin roka, wanda shi ne ke cilla makamai masu linzami. Manyan masu ƙera shi sun rage biyu kacal, Orbital ATK da Aerojet Rocketdyne. Northrop ya sayi na farkon a 2018. Lockheed ya zura hannu zai ɗauki na biyun a kan dala miliyan 4,400, sai hukumar da ke hana babakere a kasuwa ta kai ƙara a watan Janairu na 2022. Hujjarta ita ce, in Lockheed ya mallaki injin, zai iya matse sauran kamfanonin da ke sayensa suna takara da shi. Lockheed ya janye. A wata mai bi yaƙin Yukiren ya ɓarke, buƙatar injinan ta ƙaru ƙwarai. Daga baya kamfanin L3Harris ya saye Aerojet a 2023 a kan dala miliyan 4,700.

A cikin wannan ƙunci ne sababbin kamfanoni suka sami ƙofa. Wanda ya fi tashe shi ne Anduril, da aka kafa a 2017. Yakan ƙera kaya da kuɗin masu zuba jari tukuna, sannan ya kai wa soja talla, maimakon ya jira gwamnati ta biya kuɗin bincike. A watan Afrilu na 2024 rundunar sojan sama ta Amurka ta zaɓe shi tare da General Atomics su ƙera jiragen yaƙi marasa matuƙi, aka bar Boeing da Lockheed da Northrop a baya.

Amma ni abin da ya ja hankalina shi ne hanyar da Anduril ya bi ya yi girma. Shi ma saye ya yi ta yi: Area-I a 2021, Dive Technologies mai jiragen ƙarƙashin teku a 2022, sai Blue Force da Adranos a 2023. Adranos ɗin nan kuwa injin roka yake yi. Ana ta yabonsa wai ya kawo takara, kuma ba ƙarya aka yi ba, uku sun fi biyu. Sai dai ƙananan kamfanonin da ya saya ai su ne da za su yi takara da shi gobe.

Kada a ce wannan lamari ya yi mana nisa. Jiragen Bayraktar marasa matuƙi da Nijar da Mali da Burkina Faso da Togo suka saya, kamfanin Baykar na Turkiyya ne ke ƙera su. Shi ma ya shiga sahun masu saye: a 2025 ya karɓi tsohon kamfanin jiragen sama na Italiya, Piaggio Aerospace.