Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Ilmin Kwamfuta Na Jihar Tawa

Malamaina masu daraja, daga Babankatami nake kawo muku kuka a kan 'ya'yanmu na Madawa da Buza da Keita, waɗanda, idan ranar ganawar neman aikin rubuta manhaja ta matso, sukan duƙufa haddace amsoshin da suka tsinta a intanet, alhali ba su san dalilin mas'ala ba, balle hujjarta.

Yaro ya haddace dabarar neman suna ta hanyar raba jeri biyu-biyu, wadda ke gano suna ɗaya cikin 1,000 a taki 10 kacal. Amma da zarar mai tambaya ya hargitsa jerin, sai ya yi tsuru-tsuru, domin bai san sharaɗinta shi ne sunaye su kasance a jere bisa tsari ba.

Magabatanmu ba su raina hadda ba, sai dai bayan sauka sukan zaunar da almajiri gaban malami ya bi Ahalari da Ishmawi da Risala kalma-kalma, har riwaya ta haɗu da diraya. Shi ma Alhawarizmi na Bagadaza, a ƙarni na 9, ya kafa wa ƙa'idojin aljabara hujja da zane.

Ina roƙonku, don Allah, ku riƙa sauya musu sharuɗɗan tambaya, ku sa kowa ya bayyana dalilinsa da Hausa kafin ya taɓa kwamfuta.

Naku,
Wani uba daga Babankatami