A Daina Ƙirga Dashe, a Ƙirga Abin da Ya Rayu

Ina ɗan firamare aka fara jera mu a layi ranar dashen itatuwa. Aka kafa rumfuna, maroƙa suka cika fili, wani babban baƙo ya tattare babbar rigarsa ya dasa darbejiya, aka ɗauki hoto. Kafin kaka awaki sun cinye rabin dashen, bazara ta ƙarasa sauran. Da shekara ta zagayo aka sake haƙa ramuka a wuri guda. Yau na girma, filin nan ko inuwar da kaza za ta fake babu.

Wannan al'ada muke kira yaƙi da hamada, har muna yi mata laƙabi da aikin kimiyya. Ni ban yarda ba. Kimiyya aunawa take yi, ta koma ta duba sakamako. Mu kuwa adadin abin da aka dasa muke shelantawa, ba mai komawa bayan shekara uku ya ƙirga abin da ya rayu. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada. Niyya ce mai kyau, amma muddin ma'auninmu dashe ne, ɗibar ruwa muke yi da kwando.

Abin takaicin shi ne maganin yana maƙwabta, domin Maraɗi ba ta da nisa da Jibiya. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Toni Rinaudo, wanda ya gaji da dashen da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa lokacin sassabe kututturan manyan itatuwa ne masu rai, saiwoyinsu na nan cikin ƙasa. Abin da ake bukata kawai manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi, ya datse saura, ya kare su daga dabbobi. Tsohuwar saiwa ta riga ta kai ga danshi, saboda haka itacen kan yi saurin da dashe ba ya yi. Bayan yunwar 1984 dabarar ta bazu daga gona zuwa gona har Damagaram. Da masana suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, sai suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200.

Da yawa daga cikinsu gawo ne, wanda kakanninmu suka san darajarsa. Yakan zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana. Saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Wani zai ce ai wannan ba fasaha ba ce, adda ce kawai da haƙuri. Ga alama a wurinsa fasaha sai abin da aka sauke daga jirgin ruwa, aka ba da kwangilarsa. Na yarda cewa inda tarakta ta tumɓuke saiwoyi dole a yi dashe. Amma ko a Nijar adda kaɗai ba ta isa ba: sai da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara don ya sare reshe ba, kuma dokar gandun daji ta 2004 ta ƙarfafa masa wannan haƙƙi.

Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, muna da hukumar binciken sararin samaniya, hotunan tauraron ɗan'adam da yawa kuma kyauta ake samunsu. Ina kira a karkatar da kuɗin bukukuwan dashe zuwa ga malaman gona da za su koyar da wannan sassabe a Daura, Gumel da Gashuwa. Kowace ƙaramar hukuma kuma a riƙa buga hoton ƙasarta daga sama duk shekara uku, a manna shi a ƙofar sakatariya kusa da adadin kuɗin da aka kashe.